Ka Tafi Ka Bar Muryar Auta a Hannuna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina shanya a bayan gida sai wayata ta yi ƙara. Matarka ce. Ta ce, "Mama, mai gidana ya cika," sai ta kashe wayar. Na daɗe tsaye da jiƙaƙƙen zane a hannuna, ruwa yana zuba a ƙafata. Ban saba yi wa magana kwalliya ba, don haka zan faɗa yadda abin ya zo mini: bayan salati, tsoro ne ya riga hawaye zuwa. Na juya na dubi tagar ɗakin Auta, inda nake jiyo muryar kwamfutarta tana karanta mata aiki, na ce a raina, yanzu wa zai zauna da mu?

Ga wanda bai san ka ba, kai mai gyaran kwamfuta ne. Shagonka shi ne na ƙarshe a layin masu gyara, ɗan ƙuntataccen wuri a ƙarƙashin matakala, wanda dogon mutum sai ya sunkuya zai shiga. Abokan sana'arka suna kiranka Ɗaya-Ɗaya, domin ba ka taɓa abu biyu a lokaci guda, ko da mai kaya zai yi ta buga ƙafa a bakin ƙofa. Da tsokana suka laƙaba maka sunan, ka amsa, har ya bi ka kabari.

Auta 'yata ce, ita ce ta ƙarshe, kuma mu biyu ne a gidan tun rasuwar mahaifinta. Hawan jinin ido ya ɗauke mata gani tana shekarar ƙarshe a jami'a. Ba na son tuna abin da ya biyo baya, amma idan ban faɗa ba, ba za a gane girman abin da ka yi mana ba. Yarinyar da surutunta yake hana ni jin labarai a rediyo ta kwanta ta juya fuska bango. Na yi faɗa, na yi wa'azi, na yi lallashi duk da ban iya ba. Abinci sai na tsaya a kanta. Gashinta ya cukurkuɗe, ta hana a taɓa. Sai da wata ƙungiya ta koya mata amfani da manhajar da take karanta duk abin da yake fuskar kwamfuta da murya, sannan ta tashi zaune. Daga baya ta samu aiki da wani kamfani: suna turo mata maganganun da aka naɗa a taruka, ta saurara, ta mayar da su rubutu. Wannan murya ita ce idonta. A gidanmu Muryar kawai muke ce mata, kamar wata 'yar uwa da take zaune da mu.

Bayan ta fara aikin da 'yan watanni, ta ci karo da wata manhaja ta kyauta mai yawan alkawari. Wai za ta binciko duk direbobin da suka tsufa ta sabunta su, kwamfuta ta koma kamar sabuwa. A lokacin ban san mene ne direba a kwamfuta ba. Kai ka yi mini bayani daga baya, ka ce ƙananan manhajoji ne da suke sa kwamfuta ta fahimci sassan jikinta, akwai na lasifika, akwai na madannan rubutu, akwai na injin buga takardu, kuma idan ɗaya ya samu matsala sashensa ya daina aiki ko da lafiyarsa ƙalau. Muryar ta karanta wa Auta cewa ga inda za ta danna a sabunta duka gaba ɗaya. Ta danna. Kwamfutar ta mutu ta sake tashi, amma Muryar ba ta dawo ba.

Mai ido ba zai gane wannan shirun ba. Kai mai ido, idan lasifikarka ta ƙi magana, sai ka duba ka gyara. Ita da me za ta duba? Na same ta tana lalubar madannai tana danna nan tana danna can, kunnenta a jikin kwamfutar kamar mai sauraron numfashin mara lafiya. Zuwa la'asar ta koma gado ta juya fuska bango.

Washegari na saka kwamfutar a jaka na nufi layin masu gyara. Na tarar da layin cike, kowane shago da mutane, naka ne kaɗai da kujera babu kowa a kai, shi ya sa na shiga. Kafin ka buɗe ta ka tambaye ni, "Mama, wa yake aiki da ita?" Na faɗa maka. Ka ajiye sukundireban da yake hannunka, ka kashe rediyonka. Ba a daɗe ba na ji Muryar ta yi magana a cikin shagon, na kusa faɗowa daga kan kujera. Na miƙa hannu zan karɓa, ka riƙe jakar. Ka ce, "Wannan ba gyara ba ne, tayar da ita kawai na yi. Sai na ga mai ita, in ba haka ba wata mai zuwa za ki dawo."

Na dube ka sama da ƙasa. Namiji baƙo a ɗakin 'yata budurwa, wadda ba ta ganin inda idon mutum yake sauka? Na ce ka zo, amma ina nan zaune. Kuma na zauna. Duk zuwan da ka yi gidan nan, shekara da shekaru, ba ka taɓa shiga ɗakin ba sai da kujerata a tsakaninku, ƙofa a buɗe. Ban yi nadama ba, kuma duk uwar da take karanta wannan ina ba ta shawarar ta yi haka. Mutumin kirki ba ya jin haushin a tsare shi. Kai ba ka taɓa ɓata rai ba. Zuwanka na biyu ma da kanka ka ɗauko mini kujerar daga falo.

A wannan ɗaki na ga yadda kake aiki. Ka cire waccan manhaja mai ƙyalƙyali, ka saka wata mai kunya, wadda take jero direbobin da suka samu sabon zubi amma ba ta taɓa komai sai an ce ta taɓa. Kafin ka sabunta ko ɗaya, sai ka sa kwamfutar ta adana yadda take a wannan lokacin, abin da kake kira hanyar komawa. Sannan ka ɗauki direba guda, ka sabunta, ka kashe kwamfutar, ka kunna, ka ce Auta ta gwada aikinta. Sai ta ce lafiya sannan ka matsa gaba. Na sauti kullum shi ne na ƙarshe, kuma ka kafa mana doka: kada a kuskura a taɓa shi sai da mai ido a kusa. Na taɓa ce maka, to me zai hana a bar su haka nan har abada, tunda suna aiki? Ka ce wasu a bar su, amma ba duka ba, domin tsohon direba yakan zama ɓaraka da ɓarayin intanet suke bi, kuma manhajojin wurin aikinta ba za su tsaya jiranta ba. Ka ce haɗarin gaggawa da haɗarin sakaci duk suna nan, sai dai a bi ta tsakiya da ido a buɗe. Na yi shekaru ina faɗa wa 'ya'yana irin wannan magana a kan rayuwa, ban taɓa zaton zan ji ta a bakin mai gyara a kan inji ba.

Wata rana kana cikin aiki ka juyo ka ce, "Mama, tunda dai gadi kike yi, matso da kujerar. Mai gadi ya kamata ya san kayan da yake gadi."

Na ce, "Ɗan nan, ka kiyaye ni. Ni sa'arka ce?"

Auta ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Umma tsoro take ji, Kawu. Ko rimot ɗin talabijin da ɗan yatsa ɗaya take taɓa shi, kamar zai cije ta."

Don in ƙaryata ta na matso. Ka ɗora hannuna a kan linzamin kwamfutar, kibiyar ta yi ta gudu tana ɓace mini, na yi tsaki, ka ce in sake. Turancin sakandare da na yi zaton ya rube a kaina, ka sa na tono shi. Ka ce in riƙa karanta duk abin da ya fito da ƙarfi kafin in danna, ko da layi goma ne. Idan na yi tsallake sai ka ce, "Mama, ke da kike cewa yaran yanzu ba sa karatu?" Babu wanda ya isa ya yi mini irin wannan magana a gidana, amma kai ka yi, na haɗiye. Daga nan duk zuwanka sai ka kashe sautin da gangan, ka naɗe hannu, ka ce in nemo hanyar komawa, Auta tana faɗa mini matakan da ka. Sau da yawa ina ɓata, ka karɓa ka gyara. Ban taɓa kaiwa ƙarshe ni kaɗai ba tare da ka sa baki ba. Mai karatu ya riƙe wannan, domin shi ne tushen tsorona.

Akwai abin da nake riƙe da kai a kansa, kuma mutuwa ba za ta hana ni faɗa ba. Ka ɓoye ciwonka. Tun bara na ga ƙafafunka sun kumbura har kana taka bayan takalmi. Na tambaye ka, ka ce zaman shago ne. Na ga ka daina shanye shayin da nake ba ka, ka ce ka ƙoshi. Na ce ka je asibiti, ka ce to, Mama. Ashe ƙoda ce, ashe ka sani, ashe ko mahaifiyarka ba ka faɗa wa ba sai da aka fara yi maka wankin ƙoda. Mutumin da ba ya yarda a yi wa kwamfuta sakaci ya yi wa jikinsa. Na yafe maka, amma ba daidai ka yi ba. Maza masu iyali, ku ji ni da kyau: ɓoye ciwo ba jarumta ba ce. Jikinku ba naku ba ne ku kaɗai, akwai masu haƙƙi a kansa. Yanzu na gane dalilin da ya sa a 'yan watannin nan ka matsa mini da koyo, har kana zuwa ba a kira ka ba. Da ka faɗa mini gaskiya, da na fi mayar da hankali.

Da muka je gaisuwa gidanka, na riƙe hannun Auta muka shiga. Na yi zaton mu kaɗai ne irinmu. Sai na ga sanduna farare jingine a bango. Akwai wata mai aikin amsa waya a wani ofis, akwai wani ɗalibin shari'a, akwai wani tsohon malamin makaranta da ciwon sukari ya makantar, wanda yake rubuta littafin lissafi da kwamfutarsa. Duk kai kake zagaya su, kuma ba ka taɓa ba wa wani labarin wani ba. Tsohon malamin yana zaune kusa da mu, yana juya hularsa a hannu. Ya ce, ba da kowa yake ba, "Tawa kwamfutar ta fara cewa akwai sababbin direbobi. Na ce mata ta jira shi." Wasu matasa a bakin ƙofa suna ta latsa waya suna dariya ƙasa-ƙasa, a gidan mutuwa. Na yi musu kallo ɗaya suka fita.

Ba mu gama share hawaye ba abin da nake gudu ya iso. Kamfanin su Auta ya canza manhajar da suke turo aiki da ita. Maganganun suka fara yankewa a kunnenta, kalma ta shiga, kalma ta ɓace. Ta yi ta mayar da magana baya tana sake saurara, aikin yini ya koma na kwana biyu, kurakurai suka yawaita. Shugabar sashensu ta kira ta. Mace ce mai mutunci, ba ta yi faɗa ba, amma ta ce masu kula da injinansu sun duba, direban sautinta ne ya tsufa, kuma idan ba a gyara ba kafin ƙarshen wata dole ta ba wa wani aikin. Ina tsaye a ƙofa na ji komai. Manhajar nan taka mai kunya ita ma ta jero shi a sama: na sauti, akwai sabo.

Na ce mu kai layin masu gyara. Auta ta ce a'a. Ta ce, "Umma, za su gyara yau. Wata mai zuwa fa? Ranar da ta yi shiru ana ruwan sama fa, ko ranar da layin yake rufe? Ke ce a gidan nan." Abin da ban faɗa mata ba a lokacin, ta kuma sani yanzu, shi ne likita ya ce yanar ido ta fara rufe mini idon hagu. Ƙananan rubutu dishi-dishi nake ganinsu.

Ranar Asabar da safe, bayan mun karya, na goge tabarau, na ja kujerar. Wannan karon babu kowa a ɗaya gefen. Muka adana hanyar komawa, na karanta kowane layi da ƙarfi. Auta ta ce bismillah, na danna. Kwamfutar ta yi abin da za ta yi, ta mutu, ta tashi. Muka jira. Ina jin motoci a titi, ina jin famfon bayan gida yana ɗiga. Muryar ba ta zo ba.

Na dubi Auta. Ta cire abin sauraron daga kunnenta ta ajiye a cinya, fuskarta ta fara komawa irin ta wancan lokacin. Na ji kamar in tashi in fita waje in yi ihu in kira sunanka. Sai na ji kaina ina daka mata tsawa, irin wadda nake yi mata tana ƙarama: "Ke! Zauna daidai. Faɗa mini matakin farko."

Ta faɗa. Na nemo jerin sassan kwamfutar. Ta ce in duba mai hoton lasifika. Na buɗe wani daban, na ga rubutun da ban taɓa gani ba, na karanta mata. Ta ce, "Ba shi ba ne, Umma, rufe, kada ki taɓa komai." Na rufe. Na kusa manna hancina a gilashin kafin na gano na gaskiyar. Na danna inda aka ce a koma na da. Ta sake mutuwa, ta sake tashi. Da Muryar ta yi magana, ban san lokacin da na zame daga kujera na yi sujada a kan siminti ba.

Amma mun koma inda muke ne kawai, tsohon direba, maganganu suna yankewa, ƙarshen wata yana matsowa. Ni na ce a bari haka nan, zuciyata ba za ta ɗauki na biyu ba. Auta ce ta ce manhajar tana nuna zubi fiye da ɗaya, kuma ka taɓa gaya mata cewa na ƙarshen fitowa ba lallai shi ne ya dace da tsohuwar kwamfuta ba. Ta ce mu gwada wanda ya riga shi fitowa. Na sha ruwa, na yi alwala, na dawo. Muka sake adana hanyar komawa, muka sake shiga wannan shirun da ido biyu, nawa ɗaya da rabi. Muryar ta dawo. Ta saka aikin da aka turo mata, ta saurara, sannan ta ce, "Ba ya yankewa." Ta kifa kai a kan tebur ta yi kukan da ba ta yi ba a gidanka.

Kada wanda ya karanta wannan ya ce to ai an gama. Ba a gama ba. Aikinta ya tsira a wannan wata. Wata rana manhajar za ta sake jero wani, kuma abu ɗaya tak na iya, shi ma da ƙyar. Idan matsalar ta zo ta wata fuska da ba ka nuna mini ba, ban san me zan yi ba. Idan idon dama ya bi na hagu, ban sani ba. Idan nawa wa'adin ya zo, wa zai ja kujerar nan? Ina da 'ya'ya da jikoki masu riƙe da waya tun safe har dare, babu wanda ya taɓa zama ya tambayi yadda 'yar uwarsu take aiki. Na tara su na faɗa musu, kuma ina maimaitawa a nan don su ji kunya a gaban jama'a: danne-danne ba ilimi ba ne. Wanda ba zai iya zama ya karanta layi goma saboda ɗan uwansa ba, bai san komai ba.

Shekaranjiya tsohon malamin nan ya kira. Auta ce ta ba shi lambata ba da sanina ba, ta gaya masa wai Umma ta iya. Na ce masa, "Malam, ban iya ba, sau ɗaya na taɓa yi." Ya ce, "Hajiya, sau ɗayan nan ya fi nawa. Littafina saura babi biyu, kuma tun rasuwarsa ban yarda na kashe kwamfutar ba, ina tsoron kada ta ƙi tashi da magana." Na so in ce a'a. Idan na ɓata wa bawan Allah nan aikin shekaru fa? Tun da ya kira abinci bai yi mini daɗi ba. Amma na ce masa za mu zo ranar Asabar, ni da Auta, ita da matakan a kanta, ni da abin da ya rage mini na gani. Na kuma ce wa babban jikana ya shirya, tare za mu tafi, zai zauna ya kalla ko yana so ko ba ya so. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa mu a addu'a.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare ka. Ka san ɗakunan da ya shiga ya tarar da shiru ya fita ya bar magana. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi, kada ka bar shi cikin kaɗaici, kamar yadda bai bar bayinka marasa gani cikin kaɗaici ba. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, wadda ta binne ɗan da take sa ran shi zai binne ta. Yaya, Allah ya ba ki haƙuri, kin yi tarbiyya, mun shaida. Ga matarka, 'yata, ƙofar gidana a buɗe take gare ki ko da wane lokaci, kuma ki ci abinci, kada in ji an ce kin zauna da yunwa. Ga 'ya'yanka mata biyu, Allah ya raya ku ya shirya ku, ku riƙe karatu, ku sani mahaifinku mutum ne da ake shigar da shi ɗaki a fito ana sa masa albarka. Ga abokan sana'arsa na layin masu gyara, da duk masu fararen sanduna da na gani a gidansa, Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kawo mana wanda zai tsaya inda ya tsaya.

Mu kuma da muka rage, Allah ya ƙarfafa hannuwanmu, ya bar mana ganinmu gwargwadon buƙatar waɗanda suka dogara da shi, ya sa mu cika da imani. Amin.